SAUYA HANNUN GIDAJEN TSOFAFFIN FATAKE A ZANGUNAN FARAKU DA JUGU

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai akwai mutanen da suka bar gida suka kafa wani, har tsufa ya riske su a can. Wannan takarda za ta yi bayani a kan gidajen irin waɗannan mutane a garuruwa biyu na arewacin Jamhuriyar Benin, wato Faraku da Jugu, waɗanda ake rubutawa Parakou da Djougou a Faransanci. Abin da ake nufi da sauya hannu shi ne fitar gida daga mallakar wani zuwa ta wani, ko ta gado ko ta ciniki.

2.0 Asalin Zangunan

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su nufi Salaga ta ƙasar Gwanja domin sayo goro. Nikki da Faraku da Jugu duk suna kan wannan hanya. A shekarar 1826 Bature Clapperton ya haɗu da irin wannan ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja. Tafiyar takan ɗauki watanni, don haka dole a sami wurin yada zango.

A Jugu, sarki yana zaune a Kilir, baƙi Musulmi kuwa suna unguwar da ake kira Wangara, inda Dandanci ya zama harshen ciniki. Hausawa ma suka sami nasu matsuguni, kuma har yau akwai unguwar Zango a Faraku da Jugu. Babbar kasuwar Faraku sunanta Arzeke, kalmar da duk Bahaushen da ya ji ta zai tuna da arziki.

3.0 Gidan Tsohon Farke

Fatauci sana'a ce ta mai ƙarfi a jika. Idan farke ya manyanta, ƙafa ta gaza, hanya biyu ce a gabansa: ko ya koma garinsu, ko ya zauna a zangon da ya saba, inda wataƙila ya riga ya yi aure. Wanda ya zauna yakan zama mai masauki, wato fatoma. Yana sauke baƙi, yana ajiye musu kaya, yana haɗa su da masu saye, ya tsaya musu a kan bashi, shi kuma ya sami la'ada.

Saboda haka gidansa ba wurin kwana kawai ba ne, jari ne. Akwai zaure babba na karɓar baƙi, da ɗakunan saukar fatake, da ɗakin ajiyar huhunan goro, da fili na ɗaure jakuna. Fansho na tsohon farke ke nan. Darajar gidan kuwa ba ta tsaya ga gini ba, ta dogara ne a kan yawan baƙin da ke sauka, baƙi kuma hanya ce ke kawo su.

4.0 Hanyoyin Sauya Hannu

Hanya ta farko ita ce gado. A fiƙihun Malikiyya, ɗa namiji yana da rabon mata biyu, matar mamaci kuma tana da tumunin dukiya idan akwai 'ya'ya. Gida ba ya rabuwa kamar kuɗi. Wani lokaci akan raba ɗakuna, kowa ya ja katanga. Wani lokaci ɗaya daga cikin magada ya biya sauran. Idan an kasa daidaitawa, sai a sa gidan a kasuwa. Lamarin yakan ƙara wuya idan marigayin ya bar iyali biyu, ɗaya a zango, ɗaya a Kano ko Katsina, domin na nesa kuɗi suke so, na kusa kuwa ba su da wani wurin zama. Bugu da ƙari, dokar iyali da Benin ta fara aiki da ita a 2004 ta daidaita rabon ɗa da 'ya, don haka abin da liman ya raba yana iya bambanta da abin da kotu za ta yanke.

Hanya ta biyu ita ce haya da jingina. A nan mallaka ba ta fita ba, amma mazauna sun canza. Magada sukan mayar da ɗakunan fatake na 'yan haya, zaure kuma ya koma shago.

Hanya ta uku ita ce sayarwa kai tsaye, ta hannun dillali da shaidu. Tsoho kan sayar don ya koma gida ya ƙarasa kwanakinsa cikin dangi, ko don ya sauke farali. Matsalar ita ce filayen zango da yawa sarakunan gari ne suka bayar da baki, ba takarda. A 2013 Benin ta yi sabuwar dokar filaye, ta kafa hukumar ANDF domin rajistar mallaka. Gidan da ke da takarda ya fi saurin samun mai saye, wanda magadansa suka watsu kuwa yana iya shekaru a rufe har ya zama kango.

5.0 Yadda Hanya ke Juya Darajar Gida

Bayan Ingila ta ci Asante a 1874, da yaƙin basasar Salaga na 1892, kasuwar Salaga ta durƙushe. Turawa suka shata iyakoki, goro kuma ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Ayarin jakuna ya ja baya, masu masauki suka rasa baƙi.

Daga nan garuruwan biyu suka rabu. A 1936 layin dogo mai tsawon kilomita 438 daga Kwatano ya iso Faraku ya tsaya. Kayan da za su Nijar sai a sauke su a nan, a loda wa motoci zuwa Malanbil da Gaya. Direbobi da 'yan dako da 'yan kasuwa suka maye gurbin fatake. An buɗe Jami'ar Faraku a 2001, ɗalibai suka ƙara neman ɗakuna. Ƙidayar 2013 ta nuna mutanen birnin sun haura 250,000. Jugu ba ta sami dogo ba, ta ci gaba da dogara ga hanyoyin mota masu zuwa Togo da Burkina Faso. Haka kuma rufe iyakar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya tuna wa mutane cewa hanyar da ta kawo baƙi tana iya ɗauke su.

6.0 Kwatanci da Amurka

A hamadar jihar Arizona an buɗe garin Sun City a 1960 domin waɗanda suka yi ritaya. Ƙa'idarsa ita ce kowane gida ya kasance da mai shekara 55 ko fiye, yara kuma ba sa zama na dindindin. Saboda haka idan mai gida ya rasu, magada sukan sayar, wani tsoho ya shiga. A zango kuwa tsoho yana zaune ne da 'ya'ya da jikoki, don haka gida yakan daɗe a hannun zuriya ɗaya, ba ya fita sai gado ya gagara rabuwa ko hanya ta mutu.

7.0 Kammalawa

An ga cewa gidan zango ya fara ne a matsayin masauki kuma madogarar farken da ya tsufa. Abubuwa uku ke yanke makomarsa bayan mai shi: yawan magada da inda suke, takardar mallaka, da kuma ko hanyar ciniki tana nan a raye.