"Targaɗe ne kawai": yadda yatsa ke sandarewa

Lokacin kaka, daga gonakin Rano har zuwa ƙauyukan Kibiya, ba a rasa mai kumburarren yatsa. Wani igiyar sa ce ta fizge shi, wani buhun masara ne ya danne masa hannu wurin lodi, yaro kuma ƙwallo ce ta buge shi a kan yatsa. Hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: "Targaɗe ne, a ja shi." Sai a ja, a shafa man zafi, a ɗaure da tsumma, a koma aiki.

Gaɓar tsakiya ta yatsa ita ta fi cutuwa da wannan sakaci. Idan ta goce, sau da yawa wani ɗan ɓalli kan tsage daga bakin ƙashin, kuma ba a gane shi sai da hoto. Ko an ja ta koma, tana iya sake zamewa a cikin ɗaurin ba wanda ya sani. Da an kai wa likita a kwanakin farko, yakan mayar da ita bayan allurar kashe zafi, ya sa mata abin tallafi, ya ce a fara motsa ta da wuri. Amma da an yi mako 4 zuwa 6, jijiyoyin sun ƙanƙance, tabo ya cike gurbin, guringuntsi ya soma cinyewa. Daga nan ja ba ya yi, sai wuƙa.

Tiyatar tsohon rauni iri-iri ce. Akwai wadda ake buɗe gaɓar, a kankare tabon, a mayar da ƙashi mazauninsa a riƙe shi da siririn ƙarfe na 'yan makonni. Idan bakin ƙashin ya ragargaje, akwai dabarar da wani likitan hannu a Amurka, Hill Hastings, ya gabatar a 1999: a yanko ɗan guntu daga wani ƙashi na wuyan hannun mutumin, wanda siffarsa ta yi daidai da wurin da ya lalace, a dasa da ƙananan kusoshi. In gaɓar ta riga ta mutu, sai a manne ƙasusuwan biyu a ɗan lanƙwashe. Ciwo zai tafi, a iya riƙe ƙotar fartanya, amma gaɓar ta daina motsi har abada. Ga tela ko mai ɗinkin hula, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Irin wannan aiki na likitocin ƙashi da na hannu ne, kamar waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Babban Asibitin Rano shi ne na kusa, inda za a fara dubawa a tura mutum gaba in da buƙata. Kuma kada a ɗauka an gama da an fito daga ɗakin tiyata. Akwai watanni na gashi da motsa yatsa kullum, wanda ya yi wasa da su ya zubar da kuɗinsa. Duk da haka, da wuya yatsan ya dawo yadda Allah ya yi shi.

Masu ɗori mutanenmu ne, ba a raina su. Sai dai hannu ba ya ganin abin da hoto ke gani, ɗauri mai tsanani kuma yana tare jini har yatsa ya yi baƙi, a kai ga yankewa.

Don haka yatsan da ya karkace, ko ya ƙi miƙewa, ko ya ƙi lanƙwasuwa, ko kansa ya faɗi ya langaɓe, a cire zobe nan take kafin kumburi, a nemi hoto cikin kwana biyu ko uku. Wanda kuma ya naushi wani, haƙori ya yanke shi a bayan hannu, ya je asibiti a ranar, ko da yankan bai kai ƙwayar shinkafa ba, domin ƙwayoyin cutar baki kan shiga har cikin gaɓa su ruɓar da ita.