Hancin da aka tsuke, da wahalar mayar da abin da aka yanke

A gidaje da yawa na Kontagora, har gobe idan kaka ta zauna wankan jariri takan ɗumama hannu ta riƙa jan karan hancinsa a hankali, wai don ya miƙe ya yi tsini. Jan ba ya sauya komai, domin siffar hanci gado ce. Amma al'adar ta nuna matsayin dogon hanci a idon Bahaushe, wanda idan zai yabi kyakkyawa sai ya ce hancinta har baka.

Abin da kaka ta nema da yatsu, yau wasu jikokinta masu albashi suna nemansa a hannun likitan fiɗa, a Abuja ko Legas, ko a Istanbul ta Turkiyya. Akasarinsu sukan dawo da abin da suka je nema. Wasu kuwa sai bayan watanni, idan kumburi ya sauka, suke ganin ƙarshen hancin ya tsuke kamar an matse shi da awartaki, gefe da gefe ya lotsa. Garin neman gira ke nan.

Ƙarshen hanci ba shi da ƙashi. Wasu guringuntsi biyu ne masu lanƙwasa suke riƙe da shi, kamar bakan gizon da magina ke ɗora rufin soro a kansa. Mai son sirantar da hanci yakan rage faɗinsu ko ya ɗinke su kusa da juna. Ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce a bar aƙalla milimita 6 na faɗin kowanne. Idan aka zarce, ko ɗinkin ya yi tsauri, tabon da ke ƙanƙancewa a ciki sai ya rinjayi ɗan abin da ya rage, ya janyo shi. Illar ba ta tsaya ga madubi ba. Mutum na jan numfashi da ƙarfi, bangon ƙofar hancin sai ya rufta ciki ya tare iska, ya koma barci baki buɗe, ya tashi da busasshen maƙogwaro.

Gyaran ya fi aikin farko wuya, kuma ba a gaggawarsa. Likitoci sukan jira kimanin shekara guda, sai kumburi ya gama sauka tabo ya yi laushi, kuma mai kaurin fatar hanci, irin ta yawancinmu, kumburinsa ya fi daɗewa. Sannan abin da aka yanke ya tafi ke nan, dole a aro daga wani wuri a jikin mutumin. Ana fara duba guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci biyu, sai dai sau da yawa aikin farko ya riga ya cinye shi. Daga nan sai kunne, wanda nasa ya zo da lanƙwasa amma ba shi da ƙarfi sosai. In ana bukatar mai yawa sai a tsaga ƙirji a ɗebo na haƙarƙari, a feƙe shi sirara, a shimfiɗa ƙarƙashin bangon da ya rufta kamar azara.

Ma'aikacin tarayya ya kamata ya san cewa inshorar lafiya ta ƙasa ba ta ɗaukar nauyin tiyatar ƙawa. Kuma likitan da ya yi aikin a ƙetare ba ya kusa ranar da hanci ya fara lotsawa. Tambayar ko sunan likita na cikin rajistar hukumar MDCN, da ko ya ƙware a tiyatar gyaran jiki ko ta kunne da hanci da maƙogwaro, ba rashin kunya ba ce.

Wannan fasaha ta aro daga jiki a gina hanci ba baƙuwa ba ce a Arewa, sai dai waɗanda suka fi bukatarta ba su taɓa neman ƙawa ba. Wanda ya bar Kontagora ya bi ta Yawuri da Koko da Jega da Tambuwal zai iske Asibitin Noma na Yara a Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma take tallafa masa tun 2014. Cutar noma, da wasu ke kira zaizayar baki, ba ta da alaƙa da gona. Sunan daga Girkanci yake. Takan fara da kumburin dasashi a yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe da hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba su sami magani ba suna mutuwa. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, aka kuwa amince a Disambar 2023.

A irin wannan aiki ana yanko fatar goshi ba tare da an tsinke jijiyar jininta ba, a juyo ta ƙasa a rufe gurbin hancin, a sa mata tokarin guringuntsi, bayan kamar mako uku a raba ta da goshin. Dabara ce da likitocin Indiya suka daɗe da ita kafin labarinta ya isa Landan a 1794. Yaro ɗaya yakan shiga ɗakin tiyata sau da dama, kuma a Sakkwato kyauta ake yi.

Ma'aikatan Abuja su ne 'yan uwa ke fara kira daga gida idan ciwo ya tashi. Idan aka ce dasashin yaro na zubar da jini, bakinsa na wari, kuncinsa ya soma kumbura, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita kafin ta kai ga hanci.