Hurumin Ƙa'idar Lissafi: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Bayyana Shi da Hausa

1.0 Gabatarwa

Mai yiwuwa ɗalibin da ya buɗe wannan babi ya tambayi kansa, me ya haɗa kifi da kaska? Wato me ya kawo zancen lissafi cikin littafin nazarin Hausa? Amsar tana cikin aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, kuma tun daga lokacin an sha yi wa manufar kwaskwarima, a ƙara nan, a rage can. To amma ko me aka rubuta a takarda, malamin da yake tsaye gaban allo a ƙauyukan Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, da zarar ya ga idanun yara sun yi zuru, Hausa yake komawa. Tambayar ita ce, wace irin Hausa yake komawa gare ta?

Na taɓa zuwa duba ɗalibai masu koyarwar gwaji a wata makarantar sakandare a ƙasar Faskari. Na zauna a bayan aji, wani ɗalibinmu ya rubuta f(x) = 1/(x − 3) a allo, ya karanta bayanin littafi da Ingilishi har sau uku. Ya tambaya ko an gane, yara suka amsa baki ɗaya cewa an gane. Da ya sauya lambar ya ba su su yi, ko mutum ɗaya bai ɗaga hannu ba. Ya juya zuwa Hausa, sai kalmomi suka gagara, ya shiga gwamutsa harsunan biyu. Lissafinsa daidai yake, harshe ne ya ba shi kunya. Yaran wannan yanki kuwa ba su da lokacin ɓatawa, domin tun bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, rufe makarantu saboda rashin tsaro ya cinye wa da yawa daga cikinsu zangunan karatu.

2.0 Ƙa'ida da Huruminta

Abin da littattafan Ingilishi suke kira fankishin, a nan za mu kira shi ƙa'idar sarrafa lamba, ko ƙa'ida a taƙaice. Ƙa'ida hanya ce da ake zuba mata lamba ta fitar da sakamako guda ɗaya tak. Alamar f(x) da ake rubuta ta da ita, masanin lissafin nan na ƙasar Siwizalan, Leonhard Euler, shi ya fara amfani da ita a shekarar 1734. Harafin x yana wakiltar abin da aka zuba, wanda za mu kira zubi.

Ɗalibin Hausa ya daɗe da sanin irin wannan abu a darasin ƙirar kalma, sai dai ba a taɓa gaya masa cewa shi ne ba. Dubi ƙa'idar gina sunan mai aikatawa, namiji tilo: a ɗauki saiwar aikatau, a sa mata ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i. A zuba noma, a sami manomi. A zuba ƙera, a sami maƙeri. Haka saƙa take ba da masaƙi, rina ta ba da marini. To a zuba amma, ko jiya, ko kuma. Babu abin da zai fito, domin waɗannan ba aikatau ba ne, ƙa'idar ba ta da abin yi da su. Ke nan kowace ƙa'ida tana da abin da take karɓa da abin da ba ta karɓa.

Tarin dukkan abubuwan da ƙa'ida take karɓa shi ake kira domen a Ingilishi. Ni na zaɓi in kira shi hurumi. An san hurumi a matsayin filin da aka keɓe a kewayen gari, an kuma san shi a bakin alƙalai da lauyoyi, inda akan ce kotu kaza ba ta da hurumin sauraron ƙara kaza. Wannan ma'ana ta biyu ita ce muke nema. Wasu abokan aiki sun fi son farfajiya ko da'ira, amma a ganina waɗannan wuri kawai suke nunawa, ba su ɗauke da ma'anar izini da hani. Aikin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya jagoranta na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, wanda aka buga a 1990, ya nuna mana cewa tsohuwar kalmar da aka faɗaɗa wa ma'ana ta fi saurin kama baki bisa sabuwar da aka ƙago da ƙarfin tsiya.

Saboda haka idan aka ce a nemo hurumin ƙa'ida, tambaya ɗaya ake yi: waɗanne lambobi ne za a zuba a sami amsa? Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauka duk lambobi sun halatta, sannan a nemi waɗanda za su kawo cikas a fitar da su. Ƙa'ida irin f(x) = 2x + 5 ba ta da cikas ko kaɗan, kowace lamba ta samu karɓa take yi.

3.0 Hani Biyu na Lissafi

3.1 Rabawa gida sifili

Bahaushe yakan ce a raba abu gida biyu ko gida uku. Wannan kalma ta gida babbar dukiya ce ga malami, domin tana nuna wa yaro wace lamba ce take rabawa. A ce da yaro ya raba goro 12 gida 3, zai ba kowane gida 4. A ce ya raba goro 12 gida sifili, shi da kansa zai ji maganar ba ta zauna ba, tunda babu gidan da za a kai goron. Hujjar lissafi ma haka take. Da a ce 12 ÷ 0 yana da amsa, da an sami lambar da za a ninka sau sifili ta ba da 12. Babu irin wannan lamba, domin komai aka ninka sau sifili, sifili yake komawa.

A nan ne yara suka fi ruɗewa, kuma ya kamata malami ya dakata. Raba sifili gida biyar daban, raba biyar gida sifili daban. Na farko ya halatta: babu komai a faifai, gida biyar kowa ya tashi da babu, amsa sifili ce. Na biyu shi ne ba shi da amsa sam. Samun amsar sifili da rashin amsa ba ɗaya ba ne. Mai shanu 20 idan ya tambayi malami zakkar da ta hau kansa, za a ce masa babu, domin nisabin shanu 30 ne. Tambayarsa tana cikin hurumi, amsarta ce ta zama sifili.

To mu koma ga misalin ɗalibin nan namu, f(x) = 1/(x − 3). Abin dubawa shi ne lambar ƙasa, wato mai rabawa. Yaushe x − 3 zai zama sifili? Sai idan x ya zama 3. Ke nan hurumin shi ne dukkan lambobi ban da 3. Idan ƙa'idar ta zama 5/(x² − 9), yawancin ɗalibai za su fitar da 3 su tsaya. Sun manta cewa −3 ma idan aka ninka ta sau kanta 9 take bayarwa, don haka lambobi biyu ne za a fitar, 3 da −3. Akwai kuma akasin wannan kuskure, wato ɗalibi ya ɗauka duk inda ya ga rabawa dole sai an fitar da wani abu. A 1/(x² + 1) babu abin fitarwa, domin x² ba ya taɓa yin ƙasa da sifili, idan aka ƙara masa 1 kuwa ba shi da hanyar zama sifili.

3.2 Saiwar murabba'i

Na fi son saiwa bisa tushe a nan, domin kalmar da Alkawarizmi ya yi amfani da ita a littafinsa na aljabara a Bagadaza, a ƙarni na 9, ma'anarta ke nan, kuma ɗalibanmu sun saba da saiwa a nahawu. Saiwar murabba'in lamba ita ce lambar da za a ninka sau kanta ta ba da waccan. Saiwar 900 ita ce 30.

A ɗauka wani manomi a Sabuwa yana da fili mai faɗin murabba'in mita x. Ya ware murabba'in mita 400 don rijiya da rumbuna, yana son ya mai da sauran gonar masara mai kusurwa huɗu, tsawo da faɗi daidai wa daida. Tsawon gefe ɗaya shi ne √(x − 400). Idan filin 1,300 ne, saura 900, gefe mita 30. Idan 400 ne cif, saura sifili, gefe sifili: babu gona, amma akwai amsa. Idan kuwa filin 300 ne, lissafi zai ba da −100, kuma babu lambar da za a ninka sau kanta ta ba da abin da yake ƙasa da sifili. Sharaɗin ke nan shi ne abin da yake cikin saiwa kada ya gaza sifili, wato x ya kai 400 ko ya wuce. Gaskiya ne masana sun samar da wani rukunin lambobi na daban da suke warware irin wannan saiwa, amma wannan zance ne na gaba, kada malami ya ɗora wa yara shi yanzu.

Wani lokaci hanin biyu sukan haɗu a ƙa'ida ɗaya. A √(x − 2)/(x − 5), saiwa ta ce x ya kai 2 ko ya wuce, rabawa ta ce ban da 5. Dole a cika sharuɗɗan biyu tare.

4.0 Kalmomin Iyaka

Wannan sashe shi ne ainihin aikin malamin Hausa. Alamomin nan huɗu da suke wahalar da yara, Hausa tana da jimlolin da suka dace da kowace ɗaya, kuma yaro yana amfani da su kullum a gida. Alamar x > 10 ita ce ya wuce goma. Alamar x ≥ 10 ita ce ya kai goma, ko kuma bai gaza goma ba. Alamar x < 10 ita ce bai kai goma ba. Alamar x ≤ 10 ita ce bai wuce goma ba. A lura da kyau: wanda aka ce bai wuce shekara goma ba, yana iya zama ɗan shekara goma cif. Wanda aka ce bai kai goma ba, ko kwana ɗaya ya rage masa bai kai ba. Aikatau biyu ne kawai, kai da wuce, tare da korewarsu, suka ɗauke nauyin alamomin huɗu.

Inda Hausa take da rauni shi ne a jimla irin daga huɗu zuwa goma. Mai sauraro ba shi da tabbas ko huɗun da goman suna ciki. A hira wannan ba ya ɓata komai, a lissafi kuwa yana sauya amsa. Maganinsa shi ne malami ya lazimci har da da ban da. Kwatanta √(x − 4) da 1/√(x − 4). Hurumin ta farko daga 4 zuwa sama ne, har da 4. Hurumin ta biyu daga 4 zuwa sama ne, ban da 4, domin a can saiwar ta koma mai rabawa, kuma sifili ba ya rabawa. Kalma ɗaya ce ta bambanta amsoshin biyu, kuma a kanta ake samun maki ko a rasa.

5.0 Iyakar da Rayuwa Take Gindayawa

Duk abin da ya gabata hani ne daga cikin lissafi. Amma idan ƙa'ida tana magana a kan wani abu na zahiri, abin ma yana da nasa sharaɗi. A ɗauka mutane sun ɗauki shatar mota daga Faskari zuwa Funtuwa a kan naira 12,000, za su raba kuɗin daidai. Abin da kowa zai biya shi ne 12,000/x. A ido na lissafi zalla, sifili kaɗai za a fitar. Amma x fasinjoji ne. Babu fasinja biyu da rabi, babu fasinja −4, kuma idan motar mutum 6 take ɗauka, ba za a zuba 15 ba, ko da yake direbobinmu sukan gwada. Hurumin ya tsuke ya koma lambobi shida kacal: 1, 2, 3, 4, 5 da 6.

A nan ma nahawu yana da taimako. Hausa ta bambanta abin da ake ƙirgawa da abin da ake aunawa. Shanun da ake kaiwa kasuwar Sheme ƙirga su ake yi, don haka duk ƙa'idar da ta shafi la'adar dillali a kan kowace saniya, cikakkun lambobi kaɗai take karɓa. Farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara kuwa auna ta ake yi. Idan ana biyan kuɗin dako bisa nauyi, kuma babbar motar ba ta ɗaukar abin da ya wuce tan 30, hurumin ya ƙunshi duk abin da yake tsakanin sifili da 30, har da 30, kuma tan bakwai da rabi ko da kwata duk suna ciki. Malami ya koya wa yaro ya fara tambayar kansa, wannan x ɗin ƙirga shi ake yi ko auna shi, kafin ya taɓa alli.

Ana son kowane ɗalibi, kafin ya fita koyarwar gwaji, ya samo misali ɗaya daga kasuwa ko gona ko tashar garinsu, ya rubuta ƙa'idarsa da alamomi, sannan ya bayyana huruminta cikin jimla ɗaya ta Hausa wadda babu kalmar Ingilishi a ciki. Ya karanta wa wanda bai yi boko ba jimlar, ya tambaye shi ko lambar da take kan iyaka tana ciki ko tana waje. Idan mutumin ya yi jinkiri, a sake jimlar.