Katantanwar Tudu Da Ta Tabki

Da zarar damina ta sauka a Ɗan Barto da sauran ƙauyukan Matamaye, katantanwa takan fito cikin gonaki da garake. Mutane da yawa suna ɗauka duk iri ɗaya ce. Ba haka ba ne. Akwai ta tudu, akwai ta ruwa, kuma sanin bambancinsu yana kare lafiyar iyali.

Wani masani ɗan ƙasar Faransa, mai suna Michel Adanson, ya zauna a Sanagal yana tara halittu. A cikin littafinsa na shekarar 1757 ya bayyana wata katantanwar tudu mai dogon kwanso, ya kira ta Kambeul. Ya kuma bayyana wata ƴar ƙarama da ya samu cikin ruwa a Podor, ya kira ta Bulin. A lokacin, babu wanda ya san sharrin wannan ƙarama. Sai a 1915 wani likita, Robert Leiper, ya tabbatar a Masar cewa a jikin danginta ne ƙwayar tsargiya take girma, wato cutar fitsarin jini.

Har yau, idan masana suka sami katantanwar da ba su sani ba, ba sa gaggawar raɗa mata suna. Sukan auna tsawon kwanson, su ƙidaya murɗinsa, su duba gefen da bakinsa yake. Sukan feɗe naman, su binciki ƙwayoyin gadonta, su gwada ta da waɗanda aka adana a gidajen tarihi. Idan ta bambanta da dukkansu, sannan a rubuta siffarta, a ba ta suna.

Manomi ma yana iya yin kaɗan daga wannan aiki. Katantanwar tudu tana da ƙaho huɗu, idanunta suna bisa tsinin dogayen biyu. Ba ta ɗauke da tsargiya. Ɓarnarta ita ce cin ganyen shuka. Ta tabki kuwa ƙaho biyu gare ta, girmanta bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ka riƙe busasshen kwanso, tsini a sama, baki yana kallonka. Idan bakin yana hagu, to mai yiwuwa ita ce mai tsargiya. Kada ka sake da ta ruwa mai baki a dama: wata irinta ce ke sa wa shanu da tumaki ciwon hanta.

Abin mamaki, ƙafewar tabki ba ta kashe ta. Takan shige laka ta kwanta har wata damina.

Ƙwayar cutar tana shiga ta fata, lokacin wanka ko ban ruwa. Ruwan tabki da aka ɗebo, a ajiye shi kwana biyu kafin a yi wanka da shi. Yaron da ke fitsarin jini kuwa, a kai shi likita. Akwai magani mai suna praziquantel, wanda Nijar ta fara rabawa a makarantu a 2004.