Mura Da Yawan Fitsari: Kada Ku Yi Sake

Maigida da uwargida, ku saurara. Mura da hangum kun san su. Waɗansu ƙwayoyin cuta ne ƙanana ainun, da likitoci ke kira bairas, su ke kawo su, kuma yawanci yaro ya kan yi 'yan kwanaki ya miƙe. Amma wani yaron, mura ta kan iske ciwon sukari ya riga ya fara kama shi, ba wanda ya sani.

Ga yadda abin ya ke. A bayan tumbin mutum akwai wata 'yar gaɓa mai yin wani ruwa, sunansa insulin. Shi ne ke shigar da sukarin abinci daga jini zuwa tsoka. Yaron da ciwon ya fara kamawa, insulin ɗinsa ya yi ƙaranci, yana dai lallaɓawa. To, zazzaɓi kuwa ya kan sa jiki ya bukaci insulin fiye da kullum. Da ɗan abin da ya rage ya kasa, sai jiki ya koma ƙona kitsensa, wani dafi mai tsami ya taru cikin jini. Cikin kwana ɗaya ko biyu yaro na iya suma, har ya rasu.

Saboda haka ku lura. Yaron yana ta shan ruwa, ƙishirwa ba ta yankewa? Yana yawan fitsari, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina? Kiyashi na taruwa inda ya tsuguna? Yana ramewa alhali yana ci? In amai da ciwon ciki suka biyo baya, numfashi ya yi zurfi da sauri, bakinsa na ƙamshi kamar mangwaron da ya nuna ya wuce, kada ku kwana da shi a gida. Sau da yawa a kan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a yi ta ba da magani, lokaci na ƙurewa.

Ku kai shi asibiti nan da nan, ku ce wa malamin asibiti ya auna sukarinsa. Ɗigon jini guda daga yatsa ya isa. A hanya ku ba shi ruwa zalla in yana iya haɗiya, ban da lemo, ban da zuma. In ya suma, kada a ɗura masa kome. Jiƙo da rubutu ba su maye gurbin insulin. A asibiti za a yi masa ƙarin ruwa da allurar insulin, wadda tun 1922 a ke ceton yara da ita. Bayan an sallame shi, allurar nan ta zama ta kullum, ko ranar da ba ya cin abinci kada ku tsayar ba da izinin likita ba.