Ko Ka San Fitilar Agogon Auna Iskar Jini Ƙiftawa Take Yi?

Juya bayan agogon zamani mai auna iskar oksijin a jini, idan yana awo za ka ga jan haske kamar a kunne yake ba yankewa. Ido ne ke ruɗinka. Fitilar ƙiftawa take yi, sau gommai ko ɗaruruwa a daƙiƙa guda, kuma kowace ƙiftawa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Lokacin da take a kashe ya ninka wanda take a kunne nesa ba kusa ba.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne batir, amma bari mu fara da yadda awon yake. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden, shi ya gano dabarar awon a 1972. Ana haska fata da haske iri biyu: ja mai zangon nanomita 660, da wanda ido ba ya gani mai zangon kusan 940. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi shanye na biyun, wanda ya rasa kuma ya fi shanye jan. Na'urar asibiti tana iya jan wuta daga bango, amma agogo ɗan mitsitsin batir gare shi, fitilun nan kuwa su ne manyan masu cin wuta a ɓangaren awon. Shi ya sa aka koya masa halin mai tocila a daren duhu: ya haska, ya ga gabansa, ya kashe.

Akwai wasu dabarun tsimin wuta. Agogon yana jin motsin hannu, idan kana tafiya ko sassabe sai ya dakata, tunda awon lokacin ɓarnar wuta ce kawai. Yawanci sai ka natsu ko ka yi barci yake aikinsa. Yana kuma yin lissafin a cikinsa, ya aika wa waya sakamako kaɗai ta Bluetooth.

Sai dai tsimin yana da iyaka, kuma a nan ne maganar ta shafe mu masu baƙar fata. Abin da na'urar ke nema ɗan canji ne ƙalilan da bugun zuciya ke kawowa a hasken. In an rage hasken fiye da kima, sai ya ɓace. Baƙar fata ta fi shan haske, don haka agogo mai kyau ƙara ƙarfin fitila yake yi idan ya ga abin da ke dawowa ya yi kaɗan. Ko na'urorin yatsa na asibiti ba su tsira ba: binciken Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna sun fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙe, kusan ninki uku na farare. A ganina, kwana biyu da aka ƙara wa batir bai kai a sayi lambar ƙarya da shi ba.

Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100 cikin ɗari. Amma in numfashi yana yi maka wuya, kada ka tsaya sauraron agogo, nufi asibiti.