Ƙwallon Kwando A Jami'o'in Borno: Katafaren Zaure Ko Filayen Horo?

Daga Maiduguri

Tun da zaman lafiya ya fara komowa birnin Maiduguri da kewayensa, aikin gine-gine ya kankama a manyan makarantun Jihar Borno, kuma duk makarantar da ta ginu ba ta daɗewa sai maganar wasanni ta taso. Daga cikin wasannin da ke daɗa samun karɓuwa tsakanin matasa akwai ƙwallon kwando, musamman ganin yadda ƙungiyar matan Nijeriya, D'Tigress, ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, ta kuma kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024. Tambayar da ke gaban kowace ƙaramar jami'a ita ce: shin sai ta gina katafaren rufaffen zaure na kanta kafin ƙungiyarta ta yi abin kirki?

Wannan tambaya ba ta malamai da ɗalibai kaɗai ba ce. Ta shafi 'yan kasuwa kai tsaye, domin su ne ke biyan harajin da ake yin irin waɗannan ayyuka da shi, su ne ke karɓar kwangila, kuma ƙofarsu ake bugawa idan an zo neman masu ɗaukar nauyi.

Jami'o'in da abin ya shafa

Babbar jami'ar yankin ita ce Jami'ar Maiduguri ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1975 a kan hanyar Bama, wadda kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanar da sauya mata suna zuwa Jami'ar Muhammadu Buhari a watan Yulin 2025. Wannan jami'a ta taɓa karɓar baƙuncin gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a cikin shekarun 2000, saboda haka ba baƙuwa ba ce ga harkar filayen wasa. Ƙaramar kuwa ita ce jami'ar jiha da ke Njimtilo a kan hanyar Kano, wadda aka kafa a 2016 zamanin Gwamna Kashim Shettima, ta soma karatu a 2019, sa'an nan gwamnatin Farfesa Babagana Zulum ta raɗa mata sunan Kashim Ibrahim a 2025. Irin wannan jami'a mai tasowa, wadda har yanzu take ƙara tsangayoyi da ɗakunan kwana, ita ce tambayar ta fi dacewa da ita.

Ɗaliban waɗannan jami'o'i ba daga cikin birni kaɗai suke fitowa ba. Da yawansu 'ya'yan manoma ne da 'yan tireda daga garuruwan kewaye, irin su Khaddamari, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jere, inda fadamar da kogin Ngadda ke shayarwa ta shahara da noman shinkafa. Yaron da ya tashi a Khaddamari ko Zabarmari, idan bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba har ya gama sakandare, zaure mai kujeru dubu biyar ba zai mai da shi ɗan wasa ba ranar da ya shiga jami'a. Wannan shi ne ginshiƙin maganar, kuma za mu komo kansa bayan an duba hujjojin ɓangarorin biyu.

Hujjar masu son a gina

Masu goyon bayan gina zaure suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Na farko, yanayin garin. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, da hunturu ƙura ta turnuƙe, da damina kuma ruwa ya jiƙa daɓe har ya zama haɗari ga mai gudu. Buɗaɗɗen fili yana yi wa 'yan wasa asarar sa'o'in horo masu yawa a shekara.

Na biyu, ƙa'idar wasan. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta ƙayyade fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, da rufin da bai gaza mita 7 ba daga ƙasa, kuma manyan gasanninta a kan daɓen katako ake yin su cikin rufaffen wuri. Jami'ar da ba ta da irin wannan wuri ba za ta yi tsammanin a kawo mata babbar gasa ba.

Na uku, zaure ba na wasa kaɗai ba ne. Ana iya yin bikin yaye ɗalibai a cikinsa, da jarrabawa, da baje kolin kayayyaki, da manyan tarurruka. Har ila yau, rufaffen wuri yana ƙarfafa wa iyaye gwiwar barin 'ya'yansu mata su shiga wasa, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a wannan yanki.

Inda lissafi ke tsayawa

Sai dai kuma a harkar kasuwanci ba a tambayar ko abu yana da kyau, ana tambayar ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Tunanin cewa jami'a sai da zaure ya samo asali ne daga Amurka, inda ƙwallon kwandon jami'o'i babbar kasuwa ce. Alal misali, a 2016 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, NCAA, ta tsawaita yarjejeniyar nuna gasarta a talabijin da kamfanonin CBS da Turner har zuwa 2032, a kan zunzurutun kuɗi dala biliyan 8.8. Duk da haka, a can ɗin ma mafi yawan jami'o'i daga aljihun makaranta da kuɗin ɗalibai suke cike gibin sashen wasanninsu. A Nijeriya kuwa babu kuɗin talabijin da ke shigo wa ƙungiyar jami'a, kuma ɗalibai sun saba kallon wasan makarantarsu kyauta.

Kuɗin gini sau ɗaya ake biya, kuɗin tafiyarwa kuwa kullum ne, kuma mafi nauyinsa wutar lantarki. A watan Janairun 2021 aka yanke Maiduguri daga babban layin wuta na ƙasa bayan an lalata turakun da suka taso daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu, har aka kai ga gina tashar iskar gas mai ƙarfin megawat 50 da aka ƙaddamar a watan Maris na 2023. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin rukunin A zuwa Naira 225 kan kowane kilowat a sa'a. A ɗauka cewa fitilu da na'urorin sanyaya zaure suna jan kilowat 200, kuma aka kunna su sa'o'i 5 ranar wasa. A kan wancan farashi, kuɗin wutar yini guda ya kai Naira 225,000. Idan tikitin shiga Naira 500 ne, sai mutum 450 sun biya kafin a fanshi wutar kaɗai, ba a zo kan masu gadi da masu shara da alƙalan wasa ba. In kuwa janareta aka tayar da man dizal, lissafin ya fi haka muni.

Bugu da ƙari, daɓen katako na musamman, da allon nuna maki, da turakun kwando masu motsi, galibinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su. Dalar Amurka da ake saye kimanin Naira 460 a farashin hukuma kafin watan Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024. Daɓen katako kuma ba ya jure ruwa ko ɗigar rufi, ga shi bushewar iskar hunturu tana sa shi tsagewa idan ba a kula ba. Mutanen Maiduguri da Jere ba sa bukatar a tuna masu abin da ruwa ke iya yi, bayan ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau ranar 10 ga Satumbar 2024, wadda ta sa Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 domin sake gina madatsar.

Kazalika, kuɗin da jami'a ke samu ƙididdigagge ne. Babbar kafar gine-gine a jami'o'in gwamnati ita ce asusun TETFund, wanda ya samo tushe daga dokar harajin ilimi ta 1993, aka sake masa fasali a 2011. Harajin ya fara ne da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, ya kai kashi 3 a 2023, kafin dokokin haraji na 2025 su haɗe shi da wasu cikin harajin raya ƙasa na kashi 4. Duk Nairar da aka zuba a zaure, an ɗauke ta ne daga ɗakin gwaje-gwaje ko ɗakin karatu ko rijiyar burtsatse. Ga kuma nauyin tsaro, wanda ya sa a 2017 aka haƙa dogon rami a gefen Jami'ar Maiduguri bayan hare-haren da aka kai mata a wannan shekara.

Darasi daga Legas, Kigali da Zariya

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, wanda ya karɓi gasar wasannin Afirka a 1973, ya shafe shekaru yana lalacewa saboda rashin kulawa. Na Abuja da aka buɗe a 2003, sai da rukunin kamfanonin Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ciyawarsa. Idan Gwamnatin Tarayya ta sha wuyar riƙe nata, ƙaramar jami'a sai ta yi taka-tsantsan.

Inda zaure ya yi nasara kuwa, kamar na birnin Kigali a ƙasar Ruwanda mai ɗaukar mutum 10,000 da aka buɗe a 2019, ba na makaranta ɗaya ba ne. Na ƙasa ne baki ɗaya, a nan aka ƙaddamar da gasar zakarun ƙwallon kwando ta Afirka, BAL, a 2021, ana kuma yin tarurruka da bukukuwa a ciki duk shekara, har Bankin Kigali ya sayi damar sa masa sunansa a 2022. Wato kasuwa ce ke riƙe da ginin.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Zariya. Sunan da Jami'ar Ahmadu Bello ta yi a ƙwallon kwando ya ginu ne a kan mai horarwa, Oliver Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru da dama yana koyar da yaran garin, ɗalibai da waɗanda ba ɗalibai ba. Cikin waɗanda suka ratsa ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci gasar NBA a 2019. Abin lura shi ne, da Ujiri ya tashi saka wa nahiyarsa, gidauniyarsa ta Giants of Africa, wadda ya kafa a 2003, alƙawarin gina filaye 100 a unguwanni da makarantu ta yi a 2021. Wanda ya san harkar daga tushe har ƙololuwa, filin horo ya sa a gaba.

Abin da ya dace

Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da ƙaramar jami'a ke bukata a halin da ake ciki shi ne fili biyu ko uku masu kyakkyawan daɓe, a ɗora masu doguwar rumfa ta ƙarfe mai buɗaɗɗen gefe, a sa fitilu masu aiki da hasken rana, da banɗaki da ɗakin sauya kaya na maza da na mata, da 'yan benciyoyin kallo. Wannan ya magance rana da ruwan sama ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma maƙera da magina na cikin gida za su iya yin kusan dukkan aikin, kuɗin ya tsaya a Maiduguri. Idan an tsara harsashin da kyau, ana iya kewaye rumfar da bango nan gaba in 'yan kallo sun yawaita.

Ragowar kuɗin kuwa a zuba shi a kan mutane: albashin ƙwararren mai horarwa, da motar kai 'yan wasa gasa, da abinci da magani, da tallafin karatu ga masu hazaƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka ya kamata jami'a ta miƙa hannu ga makarantun sakandare na Jere da Konduga da cikin birni. Wasan 'yan uku-uku, wanda aka shigar cikin Olamfik a gasar Tokiyo da aka yi a 2021, rabin fili kawai yake bukata, mita 15 da mita 11, da kwando guda. Irin wannan fili a harabar makaranta a Khaddamari ba ya fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya mai shagon siminti ko injin casar shinkafa ba, kuma sunansa zai zauna a jikin allon kwando shekara da shekaru.

Idan kuwa har ana ganin Borno ta cancanci babban zaure, kuma ko shakka babu jihar da ta riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta El-Kanemi Warriors har ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1991 da 1992 da 2024 ba a raina ta a fagen wasanni, to, a yi guda ɗaya na gari, wanda jami'o'i da Kwalejin Fasaha ta Ramat da ƙungiyoyi za su riƙa haya, a damƙa tafiyar da shi ga kamfani bisa yarjejeniya a rubuce.

Shawara ga duk ɗan kasuwar da aka kawo wa takardar neman gudummawa ko kwangilar zaure ita ce ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu. Kwana nawa a shekara za a yi amfani da wurin, kuma su wa suka yi alƙawarin biya? Nawa ne kuɗin wuta da gyara a shekara, kuma a wane kasafi aka rubuta shi? Sa'an nan, 'yan wasa nawa ne ke fitowa horo a yau, kuma wa ke horar da su? Jami'ar da ta amsa waɗannan da alƙaluma ta isa a gina mata zaure. Wadda ta kasa, to, ta fara da rumfa da mai horarwa, domin sannu ba ta hana zuwa.